Wanda Ya Ɗauka, Ya Ajiye: Tsokaci a Kan Amanar Namun Daji

A ranakun Sallah da na Kirsimeti, magidanta a Jos kan kwashi iyali su nufi ƙaramin gidan namun dajin da ke daura da gidan tarihin nan da Bernard Fagg ya kafa a 1952, ko kuwa babban gandun dabbobin da aka buɗe a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. A can yara ke ganin kura ido da ido, wadda a da sai a tatsuniya suke jin labarinta. Idan yamma ta yi, kowa ya koma gida cike da murna. Tambayar da muke son mu yi wa kanmu ita ce: da muka ɗauko wannan nishaɗi, me muka bar wa dabbar a madadinsa?

Abin da ya jawo hankalinmu ga tambayar shi ne wani wasan ɓoyon taska da Turawa ke kira jiyokashin. Ya samo asali ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta sakar wa jama'a cikakken amfani da taurarin ɗan'adam masu nuna wuri. Wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a dajin jihar Oregon, ya zuba 'yan kayayyaki da littafin rubuta suna a ciki, sannan ya sanar da lambobin wurin ta intanet. Daga nan wasan ya bazu a duniya, har iyalai kan ɓoye irin wannan akwati kusa da wurin da suka ji daɗin ziyarta, domin wasu ma su je su gani. Ƙa'idarsa guda ce: duk wanda ya ɗauki abu, to ya ajiye wani a madadinsa. Babu mai gadi, babu alƙali. Amana kaɗai ke riƙe da akwatin.

Idan muka auna ziyararmu a wannan ma'auni, wani zai ce ai mun biya kuɗin shiga. Gaskiya ne, amma kuɗin ƙofa tsakaninmu ne da hukuma. Ita kuwa dabbar, abin da aka karɓe mata shi ne daji da farauta da 'yan'uwa, kuma ba a yi shawara da ita ba. Saboda haka wasu masana ke ganin tsare dabba don kallo zalunci ne tsantsa. Wasu kuma na cewa yaron da bai taɓa ganin zaki ba, da wuya ya damu ranar da zakuna suka ƙare. Wannan hujja tana da nauyi, domin a 2015 aka sanya zakin Afirka ta Yamma cikin dabbobin da ke gab da ɓacewa, kuma a Nijeriya dazukan Yankari da Kainji ne aka sani da ragowarsa.

A watan Disamban shekarar ce kuma wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a babban gandun Jos, aka harbe shi don kare rayukan jama'a. Babu mai hankalin da zai fifita ran dabba a kan na mutum. Sai dai zakin bai kawo kansa birni ba. Mu muka kawo shi, kuma shi ya biya da ransa.

Ra'ayinmu shi ne, tsare dabba na iya halatta, amma bashi ne, kuma masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Hukuma ta biya nata da abinci da magani da keji mai faɗi da inganci. Mu maziyarta kuwa, namu shi ne mu hana yaro jifan biri ko tsokanar kura da kara, kada mu bar leda a inda dabba za ta haɗiye, kuma mu gaya wa 'ya'yanmu daga wane daji aka ɗauko ta. Magidancin da ya koma gida da yaro mai tausayin abin da ba ya iya kai ƙara, shi ne ya ajiye wani abu a madadin abin da ya ɗauka.