Daga Ƙaddarar Allah Zuwa ga Ƙaddarar Allah: Nasiha Kan Annoba, Ambaliya da Yaƙi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci cuta kuma Ya halicci maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Dungas da Magarya da kewaye, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane. Nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wata kalma da ke yawo a bakin jama'a duk lokacin da masifa ta sauka, wato "ai ƙaddara ce". Kalmar gaskiya ce, kuma imanin bawa ba ya cika sai da ita. Amma sau da yawa ana fakewa da ita a bar yaro kwance a ɗaki kwana biyu yana fama da zazzaɓi, ko a rufe ƙofa ranar da masu allurar rigakafi suka shigo gari. Wannan fahimta ta saɓa wa abin da sahabban Manzon Allah (SAW) suka tafi a kansa.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya nufi Sham, har ya kai wani wuri da ake kira Sarga, sai labari ya same shi cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, sa'an nan ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya amsa masa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, sai dai mai hankali ya san inda ya kamata ya kora. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya iso, ya shaida musu cewa ya ji Annabi (SAW) ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke cikinta fita domin gudunta. Umar ya gode wa Allah, ya juya. Babu wanda zai ce shi ya fi Umar tawakkali.

Mu dawo gida. Tsakanin 1 ga Nuwamba 2022 da 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka riga mu gidan gaskiya. Daga cikinsu 342 a gundumar Dungas suke, 98 a Matamaye, 72 a Mirriya, 38 a Magarya. Kenan fiye da rabin waɗanda suka kamu namu ne. A daidai wannan lokaci cutar tana cin mutane a jihar Jigawa ta Najeriya, wadda muke kasuwa ɗaya da ita a Maigatari, muke auratayya da zumunci. Cuta ba ta tsayawa a kan iyaka ta nuna takarda.

Dattawanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum kimanin 250,000 a ƙasashen da ke kudu da Sahara, ya kashe kimanin 25,000. Daga baya Allah Ya hore wa likitoci allurar da ake kira MenAfriVac, aka fara yin ta a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, kuma nau'in cutar da ya yi waccan ɓarna ya kusan ɓacewa. Wanda ya same mu a 2022 wani nau'i ne dabam. A 2024 kuma Najeriya da Nijar suka fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar. Duk wannan yana tabbatar da abin da ya inganta daga Manzon Allah (SAW), cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. Wanda ya karɓi allura ƙaddarar Allah ya bi, kamar yadda makiyayin nan ya zaɓi gefen da ke da ciyawa.

Lalle ne kowane magidanci ya san alamomin sanƙarau: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da amai, da ƙin haske, wani lokaci da suma ko farfaɗiya. Ga jariri kuwa, maɗigarsa na iya kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka. Cutar tana iya kashe mutum cikin yini ɗaya da dare ɗaya, kuma in ba a yi magani ba tana iya tafiya da rabin waɗanda ta kama. Cikin waɗanda suka tashi ma, akwai masu rasa ji ko lafiyar ƙwaƙwalwa har iyakar rayuwarsu. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa a inda ake cunkoso, musamman lokacin hunturu da bazara, sa'ad da ƙura ta cika iska. Saboda haka addu'a da ruƙiyya a yi su a kan hanyar asibiti, kada a ce sai an ga yadda zai kwana.

In rani ya wuce damina ta faɗi, jarrabawar takan sauya kama. A 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma a watan Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. A wannan wata ne madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Sharrin ambaliya ba ya ƙarewa ranar da ruwa ya janye. Masai yakan cika ya malala cikin rijiya, daga nan amai da gudawa ya biyo baya, kamar yadda aka gani a 2021, lokacin da kwalara ta kama dubban mutane a Nijar, har da Damagaram da Maraɗi, ta kuma kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya. Tafkuna kan haifi sauro, zazzaɓi ya haɗu da tamowa a jikin yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magarya tun 2005 saboda wannan matsala, kuma a daminar 2018 yaran da aka kwantar a asibitin garin a lokaci guda sun haura 700.

Shari'a ta riga likitoci magana a kan ruwa. Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, ya kuma yi kashedi mai tsanani ga mai yin bayan gida a mashayar jama'a, ko a tsakiyar hanya, ko a inuwar da mutane ke hutawa. Wanda ya haƙa masai nesa da rijiya, ya tafasa ruwan shan iyalinsa, ya wanke hannu da sabulu ko toka, da niyyar bin sunna, yana da lada biyu in Allah Ya so.

Na ukun waɗannan masifu shi ne wanda ɗan Adam ya jawo da hannunsa, wato yaƙi. Tun Fabrairun 2015 da aka kai hari Boso da Difa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu a yankin tafkin Cadi. Daga 2019 'yan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina suka riƙa tsallakowa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya raba miliyoyi da muhallinsu. Inda duk aka yi yaƙi, ɗakin shan magani ne ke fara rufewa, rigakafi ya tsaya, mutane su cunkushe a sansani babu ruwa mai tsabta, har ƙyanda da gudawa su kashe waɗanda harsashi ya bari. Allah Ya yabi Ansaru a Suratul Hashri saboda sun fifita baƙinsu a kan kansu alhali su ma suna cikin buƙata. Ɗan gudun hijira amana ne a wuyanmu, kuma lafiyarsa lafiyarmu ce.

Don haka muna kira ga limamai su yi shelar ranakun rigakafi a bayan kowace salla, su kuma fara kai nasu 'ya'yan. Muna kira ga malaman tsangaya su rage cunkoson almajirai a ɗakin kwana, su buɗe tagogi, kada su riƙe yaro mai zazzaɓi da ciwon wuya har sai an sanar da iyayensa, domin su ne iyayen a wannan sa'a. Muna kira ga magidanta su ba matansu izini tun yanzu, cewa in yaro ya kamu su tafi asibiti ko da maigida yana kasuwa ko ci-rani. Muna kira ga mawadata da 'yan kabu-kabu da masu amalanke su ɗauki marar lafiya fi sabilillahi, kuma kowane masallaci ya ware wani abu daga sadakar Juma'a domin kuɗin mota. Muna kuma gargaɗi ga masu yaɗa jita-jita kan allura ba da ilimi ba: in wani uba ya ji maganarka ya hana ɗansa, yaron ya kurmance ko ya rasu, me za ka gaya wa Ubangijinka? Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai ɗaya da ceton mutane baki ɗaya.

Wanda ya bi dalili iyakar ƙoƙarinsa sa'an nan ajali ya zo, to ya yi haƙuri, ba shi da laifi, kuma hadisi ya yi bushara da ladan shahada ga wanda annoba ko ciwon ciki ko ruwa ko rushewar gini ya yi ajalinsa. A nan ne kalmar "ƙaddara ce" take da muhallinta, kuma a nan take sanyaya zuciya.

Ya Allah Ka jiƙan waɗanda suka rasu, Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka saka wa ma'aikatan lafiya da alheri, Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.