Wofi da Banza

Tulu wofi ruwa kaɗai yake jira. Abin banza kuwa a cike yake ga ido, amma ba shi da amfani. Mun ga haka a Tina Junction cikin Jos a Fabrairu 2023, sa'ad da masu keke suka ƙi karɓar tsohuwar naira 500. Rubutunta bai goge ba, alkawarin da ke bayanta ne aka janye. Sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris aka sāke karɓarta.

Hakanan maganarmu take. Idan mun saba alkawari, babu kotun da za ta maido mata da daraja, sai tuba da cikawa.

Mu karanta Matta 5:33-37. Wane alkawarinmu ne ba mu cika ba tukuna?