Ƙashi Ba Ya Jin Kirari

Ya kai mai karatu, ina da tambaya gare ka. Mu duka mun tashi muna jin ana yabon mutumin da ba ya raki. Yaro ya faɗi, a ce mashi tashi, namiji ba ya kuka. Ɗan kokowa ya gurɗe, makaɗi ya ƙara mashi kirari, ya koma fili yana ɗingishi, jama'a su ɗauki sowa. To, ashe duk wanda ya daure ma ciwo shi ne jarumi? Wanda ya tsaya fa, ya ce ba ni iyawa, ko yaushe rago ne? Kada ka yi saurin ba ni amsa. Bari in ba ka labarin wata mata tukuna.

Akwai wani dogon gudu da ake kira maraton. Tsawon shi kilomita 42 da mita 195. In kai mutumin Damagaram ne, ka auna da kanka. Daga gari zuwa Mirya kamar kilomita 18 ne. Ka je ka komo, da sauran kilomita 6 gabanka. Duk wannan tafiya da gudu ake yin ta. Ba zama, ba hutu, ruwa ma a guje ake karɓa a sha.

Wata mutuniyar Amurka, Deena Kastor, ta yi suna ƙwarai cikin wannan gudu. A baki Dina ake cewa. An haife ta a 1973. A 2004 ta je birnin Atens na ƙasar Girka, wurin wasannin Olimpik, waɗanda ƙasashen duniya ke taruwa su yi duk shekara 4. Ta zo ta uku. A 2005 ta zo ta ɗaya a Shikago, cikin ƙasarsu. A 2006 ta zo ta ɗaya a Landan, ta cinye kilomita 42 ɗin nan cikin awa 2 da minti 19 da sakan 36. Lokacin nan ba wata macen Amurka da ta taɓa yin wannan sauri.

Sai Olimpik ya sake zagayowa. Ran 17 ga watan 8 na shekarar 2008, a Bejin, babban birnin ƙasar Sin, aka saki mata masu gudu. Dina na cikinsu, mutanen ƙasarta sun sa rai gare ta. Ba a wuce kilomita 5 ba sai wani ƙashi na tafin ƙafarta ya karye. Ba mota ta buge ta ba, ba rami ta faɗa ba. Tana cikin gudu ya karye. Ta tsaya. Sauran suka wuce suka bar ta.

Wani dare na karanta ma ɗalibaina wannan labari a ajin karatun manya. Wani saurayi ya ce: "Mushe, shekara 4 tana shiri. Ƙasarta ta aiko ta, an kashe kuɗi. Da ni ne, ko da rarrafe sai na kai." Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don maganar tashi da nauyi. Amana yake nufi. Wanda aka aika bai kamata ya komo tun daga bakin hanya ba. Ina son irin wannan zuciya. Amma ina ganin ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne.

Ciwo iri biyu ne. Akwai ciwon gajiya: numfashi ya yi sama, cinya ta yi nauyi, ƙishirwa ta kama maƙogwaro. Ka san shi, kai da kake yini duƙe kan hauya. Wannan ciwo yana da ƙarya. Yakan ce maka ƙarfinka ya ƙare, alhali da saura. In ka ƙi jin shi, ka kai ƙarshen kunya, ka kwana ka huta, gobe ka tashi garau. Sana'ar mai dogon gudu ke nan duka: shekara da shekaru yana koya ma kanshi ƙin jin wannan murya. Akwai kuma ciwon ɓarna. Shi wuri guda yake tsayawa, kana iya ɗora yatsa ka nuna shi. Kowane taki yana ƙara shi. Wannan ba ya ƙarya. Shi ake nufi in an ce jiki magayi. Abin wuyar shi ne, mutumin da ya gwanance da toshe kunne ga na farko, shi ya fi kowa toshe kunne ga na biyu. Halin da ya ba shi nasara, shi ne kan karya shi.

Ka duba tafin ƙafarka. Daga dunduniya zuwa yatsu ƙashi 26 ne. Biyar cikinsu dogaye ne, sirara, sun miƙe daga tsakiyar ƙafa zuwa gindin yatsu. In mutum na gudu, duk takin da ya yi, nauyin da ke sauka kan ƙafar ya ninka nauyin jikinshi sau biyu ko fiye. Manyan masu gudun nan kuwa sukan yi fiye da kilomita 150 a sati guda. Kowace rana ƙashi yana ɗan tsagewa, tsaga ƙanana da ido ba ya gani. In an huta, jiki ya cike su, don ƙashi abu ne mai rai. Kamar katangar laka ce: damina ta zaizaye, a yi mata yaɓe, ta tsaya. In zaizaya ta fi yaɓe yawa, wata rana iska kaɗan za ta kada ita. Mutane su ce iska ta kada katanga, alhali an daɗe ana kada ta.

Bayan Bejin lokotoro suka auna jinin Dina. Suka tarar jikinta ya yi ƙarancin wani abu da ake kira bitamin D. Fatar mutum ce ke yin shi in rana ta taɓa ta, shi ne kuma ke taimakon hanji ya tsotsi abin da ke gina ƙashi daga abinci. Ita kuwa ta yi fama da ciwon daji na fata, saboda haka kullum tana kare jikinta daga rana. Ka ga abin mamaki. Ta tsere ma cuta guda, sai wata ta shigo ta baya. Ba ragwanci, ba sakaci. Ko da an tara makaɗan duniya sun yi mata kirari ran nan, ƙashin ba zai haɗe ba.

Saurayin nan bai yarda ba tukuna, sai na kawo mashi labarin Abebe Bikila, sojan Habasha. A 1960, a birnin Roma, ya ci maraton na Olimpik ba takalmi a ƙafarshi. A 1964 aka yi mashi aiki a ciki, aka yanke ɗan hanjin nan da kan kumbura. Bai fi sati 6 da aikin ba ya shiga gudu a Tokyo, ƙasar Japan, ya sake ci. Duniya ta yaba. A 1968, a Meziko, ya shiga gudu da tsaga a siririn ƙashin ƙwaurinshi. Ya yi kamar kilomita 17, ya tsaya. Ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. Abebe bai ƙara yin maraton ba. A 1969 ya yi haɗarin mota, ƙafafunshi suka shanye, ya rasu a 1973.

To ka lura da kyau. Abeben Tokyo da Abeben Meziko mutum ɗaya ne, zuciya ɗaya. Can ya ƙi jin jikinshi, ya ci, muka ce jarumi. Nan ya ƙi jin jikinshi, ƙafa ta ƙi, wasu suka ce don me ya shiga. Ashe ba halin mutum muke aunawa ba, ƙarshen abin muke jira mu gani, sannan mu raba yabo da zargi. Wannan ba adalci ba ne. Ni ban zargi Abebe don ya gwada. Amma in ka tambaye ni inda ya fi nuna girma ran nan, zan ce wurin da ya tsaya. Mutumin da ya ci sau biyu, duniya na kallo, ya fita hanya ya bar fili. Ba ƙaramin abu ba ne.

Tsayawa kuwa minti guda ce. Abin da ke biye da ita ya fi ta wuya, shi ne zama.

Ga yadda karaya ke haɗewa. Kwanakin farko jini ya taru ya daskare tsakanin bakin ƙashin biyu, wurin ya kumbura. Cikin sati 2 zuwa 3 wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya tsiro ya riƙe su. Sannu sannu ya taurare ya zama ƙashi. Ga babban mutum, karayar tafin ƙafa takan ɗauki sati 6 zuwa 8 kafin ta ɗauki nauyi sosai, wata ma ta fi haka. Daga nan jiki ya yi watanni yana gyara wurin. Inda haɗari yake shi ne tsakiya. Zogi yakan tafi tun ɗorin yana ɗanye. Mutum ya tashi da safe, ba ciwo, ya ce na warke. Ya taka da ƙarfi, ɗorin ya goce. Ko a koma farko, ko ƙashin ya haɗe a karkace, ɗingishi ya zama na har abada. Kamar bulon laka ne da ya bushe a waje, cikinshi da danshi. In ka ɗora mashi azara, ka san sauran.

Bari in ɗan ratse. Nono, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna ba jiki abin gina ƙashi. Taba kuwa tana jinkirta haɗewar karaya, wannan lokotoro sun tabbatar. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko ƙafa ta yi sanyi ta canza launi bayan ɗauri, ba ta jiran gobe, a kai likita.

Yanzu ka sa kanka wurin mai gudu. Lokacin da yake fili, wahala yake sha, amma da ƴan kallo, da tafi, da lada a ƙarshe. Lokacin da yake zaune da ƙafa a ɗaure, ba mai tafa mashi. Yana ji a jikinshi ƙarfin da ya tara shekaru yana zurarewa. Cinya tana ramewa. Abokan hamayya suna can suna gudu, yana jin labarinsu. Masu gudu da suka karye sukan shiga ruwa mai zurfi su yi ta motsa ƙafa ba tare da taka ƙasa ba, don numfashi kada ya mutu. Ran da aka ba su izini, ba gudu suke farawa ba. Tafiya suke yi, sannan gudun minti kaɗan, sannan su tsaya ko da suna jin daɗi. Mutumin da ya saba kilomita 30 a safiya guda, a ce mashi minti 5 ka koma gida. Juriya kan ce ƙara. Haƙuri kan ce bari haka. Muna kiran su da suna ɗaya, mu ce dauriya, amma ni a ganina na biyun ya fi tsada, don da zuciyarka kake kokowa, ba kuma alƙali a filin.

Ina cikin wannan bayani sai wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce: "Malam, ita wannan tana da abin da za ta ci in ta zauna. Ni in na karye ana tsakiyar noma, in zauna sati 8, wa zai ba iyalina tuwo baɗi? Haki ba ya jira."

Ajin ya yi tsit. Gaskiya ya faɗa, ban da abin musu. Da sauƙi mai albashi irina ya ce ma manomi yi haƙuri. Manomin da ya kwance ɗori a sati na 3 ya ɗauki hauya, sau da yawa ba taurin kai ba ne, ba kuma jahilci ba. Ya san ƙafar ba ta warke ba. Ya auna ƙafarshi da rumbunshi, ya zaɓi rumbu. Wa zai jefe shi? Dina ta iya zama don akwai masu riƙe da ita: lokotoro, mai koya mata gudu, iyali, da abin hannu. In haka ne, haƙurin mai karaya ba nashi ba ne shi kaɗai. Rabi na zuciyarshi, rabi na hannun maƙwabta. In ka ga mutum cikin garinku yana noma da ƙafa a ɗaure, kafin ka ce kai wane jarumi ne, ko ka ce wane ba ya jin magana, ka tambayi kanka ina gayya ta tafi. Yini biyu na samari 20 ya isa ya ceci ƙafar magidanci. Mu da ke yabon shi yana ɗingishi cikin gona, wani lokaci yabon nan hanya ce ta guje ma ɗaukar hauya mu taimake shi.

Dina ta zauna, ƙafa ta haɗe. A watan 10 na 2009, wata 14 bayan karayar, ta shiga maraton na Shikago ta kai ƙarshe. Ba ta ci ba. Ba ta kuma ƙara yin saurin da ta yi a Landan ba, kada in ɓoye maka. A 2011 ta haifi ɗiya. A 2015, tana da shekara 42, ta koma Shikago ta yi gudun cikin awa 2 da minti 27 da sakan 47. A lokacin, cikin matan Amurka da suka wuce shekara 40, ba wadda ta taɓa yin haka. Da ta ja ƙafar nan kilomita 37 da suka rage a Bejin, da wuya a ce shekarun nan 7 na gudu sun samu.

Da muka tashi daga aji, ana kashe fitila, saurayin ya matso kusa da ni. Ya ce har yanzu shi dai da ya ƙarasa. Dattijon ya ji shi, ya ce: "Yaro, ran da ka karye ka aiko mani. Ni zan zo in zauna bakin ƙofarka da sanda, ƴaƴana su tafi gonarka."