Hanya Ta Wa Ce?

Ranar Lahadi ita ce ranar kasuwar Illela. In ka tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta bi Gwadabawa, ta nufi Birnin Ƙwanni, za ka ga manyan motoci maƙare da shanu, ga kuma manomi daga Kalmalo da buhun albasa a bayan kekensa. Da mota ta danna ƙaho, sai ya faɗa rairayi, ya tsira da ransa.

To, ga tambaya: ashe wanda ya fi sauri ya fi hakki bisa hanya?

Wani zai ce i, gama motar nan tana ɗauke da dukiyar mutane da yawa, ba za a tsai da ita saboda buhu guda ba. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Amma dukiya ake aunawa, ba a auna rai. Ran mai keke da na direba duk ɗaya ne ga Mahaliccinsu.

Dubi Faransa, wadda ta mulki ƙasar Ƙwanni har 1960. Can an mai da waɗansu tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa sun zama na masu keke da matafiya a ƙasa, an hana mota shiga. Tsoho da yaro suna ratsa ƙauyuka da gonaki, hankali kwance.

Mu ba mu da irin wannan tukuna, amma muna da haƙuri, shi kuwa ba a sayensa da kuɗi. Ya kai direba, sassauta. Hanya ta jama'a ce, ƙarfi kuwa amana ne.