Hukuncin Haƙorin Nono Da Ya Ƙi Faɗuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mas'alarmu ta wannan mako ƙarama ce a ido, amma tana taɓa wani babban tushe na addini. Allah ya halicci ɗan Adam da haƙoran nono 20. Yakan fara famfara yana da kamar shekara 6, kafin ya wuce 12 sun zube, manya 32 su fito sannu a hankali. To, amma akan sami magidanci ko matar aure, shekara 30 ko fiye, da haƙori guda na yarinta (haure, in ji mu Sakkwatawa) wanda ya ƙi faɗuwa. A garuruwanmu na Wurno da Rabah da Goronyo mutane sun rabu biyu a kansa. Wasu su ce saura ne na ƙuruciya, a je wurin mai cire haƙori a kasuwa ya fizge shi. Wasu kuwa su ce haramun ne a taɓa shi, domin canza halittar Allah ne.

Masu hanawa suna da madogara. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 119, an ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na sa mutane su jirkita halittar Ubangiji. Kuma Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Ibnu Mas'udu la'anar da aka yi wa mata masu goge haƙora don su sami wushirya. Sai dai fa hadisin ya ɗaure la'anar da sharaɗi, watau a yi haka don neman kyau kawai. Shi ya sa Imamu Ɗabari, da ya hana cire haƙorin da ya yi ƙari ko rage wanda ya yi tsawo, ya togace wanda ke cutarwa ko ke hana cin abinci. Ga kuma Arfaja ɗan As'adu, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulabu zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah ya umurce shi da sa na zinariya. Ashe gusar da cuta da mayar da abin da ya ɓaci ba su shiga cikin hanin ba.

Amma masu gaggawar cirewa su ne suka fi ba ni tsoro. Duk wanda ya karanta Risala ya san diyyar haƙori guda raƙuma 5 ce. Malamanmu na Malikiyya suka ce in an karya wa yaro haƙorin da bai yi famfararsa ba, sai a dakata da hukunci a ga ko wani zai tsiro. In bai tsiro ba, diyya ta cika. Ku dubi wannan hikima. Shari'a ba ta kula da sunan haƙori ba, abin da ta duba shi ne ko yana da magaji.

Likitocin haƙori kuwa sun bayyana cewa sau da yawa dalilin da ya sa na nono ke zama shi ne babu wani babba a ƙarƙashinsa tun asali, ko kuwa akwai shi amma ya maƙale cikin ƙashi ya kauce hanya. In babu magaji, wannan ɗan ƙaramin shi ne haƙorinka na har abada, kuma in saiwarsa na da ƙarfi yana iya yin shekaru masu yawa yana tauna. Ran da ka cire shi ka sayi giɓi da kuɗinka, na kusa da shi su karkato, sannan ka koma neman na roba. Jiki amana ne, ba a ɓarnatar da amana bisa zato.

To, yaya mutum zai san halin da nasa ke ciki? Ido ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin dasashi, sai hoton asibiti, irin wanda ake ɗauka a sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kada wani ya ce zuwa can rashin tawakkali ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa ke nan Wurno, da hannunsa ya rubuta littattafan magani, har da na basir da na ciwon ido, ga shi kuwa ba mu kai shi dogaro ga Allah ba.

In hoto ya nuna haƙorin lafiya lau, barinsa ya fi, a riƙa asuwaki ana lura da shi. In ya yi rami a cike shi. In kuwa yana girgiɗi, ko yana tara ruwa, ko ya tare wa babba hanya, cire shi ya halatta, har yakan zama wajibi in an ji tsoron cutar ta yaɗu, sa wani a gurbinsa kuma ba laifi.

Saura budurwar da ke jin kunyar murmushi gab da aurenta. In haƙorin ya baƙanta ko ya munana fuska ƙwarai, gyara shi gusar da aibi ne. Amma ƙanƙanta kaɗai, a ganina, ba ta kai aibin da za a zubar da lafiyayyen haƙori dominta ba. Talakan da ba shi da kuɗin motar zuwa birni kuma, muddin ba ya jin ciwo, babu zunubi a kansa in ya bar nasa yadda yake. Allah ne mafi sani.