Ladan Kuturu: Hukuma da Adakar Talaka

Duk wanda ya taɓa biyo motar haya da dare daga Legas ko Ibadan zuwa Arewa ya san yadda ake yi a shingen 'yan sanda. Za a haska fitila, a ce direba ya sauko, a taɓa wannan buhu, a kwance wancan ƙunshi. Idan ƙaddara ta sa aka ci karo da adaka naɗe cikin tsumma a kayan wani dattijo, kuma ba shi da takardarta, to tafiyarsa ta ƙare a nan. Babu mai tambayarsa wa ya harba, domin kuwa bai harbi kowa ba. Ganinta a hannunsa shi ne laifin baki ɗaya. A wannan dare kuwa, can cikin dazukan Zamfara da Katsina, akwai ayarin mutane bisa babura, kowanne rataye da AK-47, waɗanda babu wanda ya haska musu fitila. Wannan ne ya sa nake son mai karatu ya taya ni duba wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato da wane haƙƙi hukuma ke karɓe makamin mutumin da ita kanta ba ta iya tsare shi ba?

Kafin a kai ga amsa, ya kamata a san abin da dokar ta ƙunsa. Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta fara aiki a 1959, tun Turawa ba su sauka ba, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin su igwa da gurneti da bindiga mai jigida da bindigar soja, har da libarba. Waɗannan sai da iznin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da su hukuncinsa ba ya gaza shekara 10. Akwai na amfanin kai, kamar mai baki biyu ta farauta, waɗanda lasinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sa'an nan akwai na ɗuri, wato su adaka, waɗanda aka bar wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Da aka gama yaƙin basasa, makamai suka yawaita, fashi ya addabi jama'a, sai gwamnatin Janar Gowon ta kafa doka mai lamba 47 ta 1970, wadda a ƙarƙashinta aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Legas. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sabunta ta da doka mai lamba 5, wadda ta ce duk wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 20,000 ce, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko a haɗa masa duka biyu. Wajen fassara kalmar bindiga kuwa, wannan doka ta zuba ta ɗuri da mai jigida cikin kwando ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, tsarin ba daga gare mu ya faro ba. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasel, inda suka hana a sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, aka bar musu na ɗuri da albarushin kasuwa. Hujjar da aka bayar ita ce hana cinikin bayi. Amma da rundunar Lugga ta iso Kano da Sakkwato a 1903 da bindiga mai jigida, aka tarye ta da mashi da baka da 'yan adaku, an ga wanda yarjejeniyar ta yi wa rana. Ba ina cewa kowace dokar makami mugun nufi ne ke bayanta ba. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne, duk lokacin da aka ce a ajiye makamai, yana da kyau a duba a ga wa aka ce ya ajiye, wa kuma aka bari da nasa.

To, mu koma ga tushen maganar. Masanin nan na Ingila, Tomas Hobs, wanda ya wallafa littafinsa Leviathan a 1651 bayan ya ga yadda yaƙin basasa ya ɗaiɗaita ƙasarsa, ya yi bayanin cewa mutane sun yarda su miƙa ƙarfinsu ga mai mulki ne domin tsoron juna, tun da yake inda kowa ke alƙalin kansa babu mai barci da ido biyu. Babu wanda ya kai shi goyon bayan ikon mai mulki, amma duk da haka ya yarda cewa wajibcin biyayya yana tafiya ne tare da iyawar mai mulki ta tsare talakawansa, kuma haƙƙin mutum na kare ransa ba abu ne da zai iya sallama wa kowa ba. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan dogon bayani da ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da hukuma ta ce da manomi ya kawo bindigarsa, a ranar ta ci lada. Askin kuwa shi ne ta kwana a farke domin shi ya yi barci. Tsarin mulkinmu na 1999 ma bai musa ba, domin sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 33 kuma ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon bukata wajen kare rai ko dukiya. Haka nan malaman fiƙihu sun halatta wa mutum ya tunkuɗe wanda ya kawo masa hari. Ke nan an ba talaka haƙƙin kare kansa da hannun dama, an kuma karɓe abin da zai kare kan nasa da shi da hannun hagu, bisa alkawarin cewa akwai mai zuwa in ya yi kururuwa. Idan mai zuwan yana zuwa, cinikin ya yi kyau ƙwarai, kuma ni ne farkon mai sa hannu. Idan kuwa sai bayan kwana biyu yake isowa ya ƙirga gawa, ai an mai da alkawarin ihu bayan hari.

Babu inda wannan tufka da warwara ta fito fili kamar abin da ya faru a Zamfara a watan Yuni na 2022. Gwamnatin jihar, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta fito ƙarara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, ta kuma ce za ta raba takardun neman lasin guda 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Ba a yi nisa ba Kwamishinan 'yan sanda ya ce takunkumin da aka sa wa bayar da lasin yana nan daram, shi kuma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Kafin wannan, a 2021, Gwamna Masari na Katsina ya yi irin wannan kira, kamar yadda Janar Danjuma ya yi a Jalingo a 2018. Yanzu sa kanka a matsayin manomin da ke wani ƙauye a ƙasar Maru ko Zurmi. Gwamnansa ya ce masa ya nemi bindiga, wato hukuma da bakinta ta amsa cewa askin ya gagare ta. Ofishin da zai ba shi takarda ya ce an rufe. Doka kuma ta ce in ya riƙe ba takarda, shekara 10 na jiransa. Ɓarayin daji kuwa sun aiko masa cewa sai ya biya su kafin ya shiga gonarsa. Wace hanya ta rage wa wannan bawan Allah wadda zai bi ya zama bai saɓa wa kowa ba kuma ya tsira da ransa? A ganina, idan ya je wurin maƙeri ya sayo adaka ya jingine a bayan ƙyaure, ya karya doka, wannan babu musu, amma ban ga da wane baki za a ce ya yi abin zargi ba.

Akwai kuma wani gefe na al'amarin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Yawancin laifuffuka sai an yi wani aiki ake kama mutum: an yi sata, ga mai kaya yana kuka, an yi kisa, ga gawa. Laifin riƙe makami kuwa ba ya bukatar wanda aka cuta, ba ya bukatar niyya. Shaidarsa guda ce, wato a ce an same shi a hannunka, kuma mai faɗin hakan shi ne wanda ya kama ka. Duk dokar da ta rataya shekara goma na rayuwar mutum a kan maganar mai kama shi ta ɗora wa mai kaki nauyin da sai mai tsoron Allah ƙwarai zai iya ɗauka. A watan Yuni na 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, biyar daga cikinsu 'yan kasuwar kayan mota ta Apo, ta shidan kuwa mace, sa'an nan aka ce 'yan fashi ne, aka nuna makamai kusa da gawarwakinsu. Kwamitin binciken da gwamnatin tarayya ta kafa ya gano cewa ba 'yan fashi ba ne, makaman ajiye su aka yi. Sai a 2017, bayan shekara goma sha biyu, kotu ta yanke wa biyu daga cikin 'yan sandan hukuncin kisa. Haka kuma rundunar SARS, wadda aka kafa a 1992 domin yaƙi da fashi, ta rikiɗe har ta zama abin tsoro ga duk saurayin da ke da waya mai tsada, sai da zanga-zanga ta sa aka rusa ta a watan Oktoba na 2020. Na san akwai dubban 'yan sanda masu amana, na kuma san da yawa sun rasa rayukansu a hannun waɗannan ɓarayi, sau da yawa da makamin da bai kai na abokan gabarsu ba. Amma ɗan sanda mutum ne, kuma idan aka ce ya kawo sakamako, ga mai adaka a bakin titi ga mai AK-47 a ƙurmin daji, an san wanda zai fi sauƙin kamawa. Da haka ake barin jaki a koma dukan taiki.

Wani zai ce, to ai magani a fili yake, a sakar wa kowa mara ya sayi bindiga. A nan kam na rabu da su. Mun ga abin da ya biyo bayan 'yan sa-kai a Zamfara, waɗanda suka fara da kare ƙauyukansu, daga baya wasunsu suka shiga kama Fulani a kasuwanni suna kashewa ba shari'a, abin da ya ƙara rura wutar ramuwar gayya har ta cinye waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Mun kuma ga abin da ya auku a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda 'yan banga suka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta masu komawa Kano daga Fatakwal, aka ga bindigoginsu na farauta, nan take aka yanke cewa masu satar mutane ne, taron jama'a suka kashe 16 daga cikinsu. Mutanen wannan yanki su ma satar mutane ta gallabe su, su ma sun gaji da jiran hukuma, kuma abin da gajiyar ta haifar ke nan. Amurka, wadda ta rubuta haƙƙin riƙe makami cikin tsarin mulkinta tun 1791, ta yi asarar mutum fiye da 48,000 ta hanyar harbi a 2021 kaɗai, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Bindigar da aka saya domin ɓarawo tana nan a ɗaka ranar rikicin gona, tana nan ranar da kishi ko baƙin ciki ya rufe wa mai ita ido.

Saboda haka ni ban ga laifin manufar dokar ba, tsarin biyan bashin ne aka juya. Hukumar da ke son ta zama ita kaɗai ke riƙe da makami wajibi ne ta fara da mafi ƙarfin makami da mafi mugun nufi, ta toshe inda harsashi ke kwararowa, ta tuhumi nata mutanen da aka ba amanar ma'ajiyar makamai, sa'an nan ta gangaro kan maƙeri da maharbi. Tsananin da take nuna wa ƙarami ya kamata ya yi daidai da abin da ta iya yi wa babba. Inda ta san ƙafarta ba ta kaiwa, to ta buɗe ƙofar lasin ga wanda mai unguwa da dagaci da sarkin maharba suka san shi, a rubuta sunansa da bindigarsa, domin dokar 1959 ɗin kanta ta tanadi yadda ake tacewa, ta hana yaron da bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda aka ɗaure kan tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Rufe ƙofar bai rage bindiga ko ɗaya a daji ba, illa dai ya mai da mai son bin ƙa'ida mai laifi.

Shi kuwa ɗan sandan da ke riƙe da fitila a shinge, doka ba ta hana shi tunani ba. Yana iya tambayar dattijon nan daga ina, zuwa ina, wa ya san shi, a kira sarkin maharbansu a ji. Yana iya riƙe adakar ya ba shi takardar shaida, ya ce ya dawo da wanda zai tsaya masa. Idan kuwa ya rubuta shi a matsayin wanda ake zargi da fashi, to ya san inda ya tura shi: kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, kuma wanda ba shi da lauya ba shi da mai tsaya masa beli yana iya ganin damina uku ta wuce kafin alƙali ya buɗe fayil ɗinsa.