TSORON ALLAH A CINIKIN KAYAN HANNU TA WAYA

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani kasuwa ta shigo aljihunka. Yau mutum yana kwance a ɗaki zai buɗe Facebook ko Jiji ko WhatsApp, ya ga waya ko babur ko kwamfuta na hannu, ya yi ciniki da wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba. To wannan kasuwa ba ta fita daga hukuncin Allah ba. Abin da yake haramun a gaban rumfa, haramun ne a cikin waya.

Shari'a ta hana cinikin garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙarsa ba. Malaman fiƙihu suna ba da misali da kifi a ruwa da tsuntsu a sama. To ɗan'uwa, ka tura kuɗinka saboda hoto kawai, ba ka san ko kayan yana nan ba, ba ka san ko na mai tallan ne ba, mene ne bambancinka da mai sayen kifi a ruwa?

Ga yadda suke yi. Ya sa kaya a rabin kuɗinsa, ya ce tafiya ce ta kama shi, ko mahaifiyarsa tana asibiti. Ya ce mutum uku suna jira, ka tura kafin alƙalami yanzu yanzu, zai ba direba a tasha. Kana turawa ya toshe lambarka. Wani ma da sallama zai fara, ya cika ka da "wallahi" da "insha Allahu". Kada wannan ya ruɗe ka. Yawan rantsuwa a ciniki abin zargi ne a Musulunci. Kuma ka lura, ba da komai ya kama ka ba sai da kwaɗayinka. Hausawa suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka in kai ne mai saye:

1. Kada ka biya sai ka gani. Ku haɗu da rana, a cikin jama'a, ka tafi da wanda ya san kayan. In garin da nisa, wakilta amintacce ya duba maka. Wakilci ya halatta.

2. In waya ce, danna *#06#, lambar IMEI za ta fito, ka gwada ta da ta jikin kwali ko rasit. In iPhone ce, ya cire asusunsa na iCloud a gabanka.

3. Mai sauri, ba rasit, ba kwali, ga araha ta fitar hankali, bar masa kayansa. Sayen abin da ka san na sata ne taimakon ɓarawo ne, kuma ana bin sawun wayar sata. Ranar da aka zo, a hannunka za a same ta.

4. Ku rubuta, ku sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma a cikinta aka yi umurni da kafa shaida a ciniki.

In kai ne mai sayarwa, ka kiyayi alat na ƙarya. Saƙon tes ba kuɗi ba ne, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna, sannan ka miƙa kaya. Lambar sirrin katinka da lambar nan da banki ke turowa lokacin biya, kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga banki yake.

Yanzu saura kai da kanka. Da yawanmu muna kukan an cuce mu, alhali mu ma muna cuta. Wayarka ta faɗa ruwa, an canja gilashi, batir ba ya riƙe caji, amma ka rubuta "ba ta da matsala". Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai algus. To hoton da ka ɗauka ta gefen da babu tsaga, shi ne wannan tsibi. Faɗi aibin kayanka ko da kuɗin zai ragu. Wanda ya gano aibin da aka ɓoye masa, shari'a ta ba shi damar mayar da kaya.

In an cuce ka, sanar da bankinka nan take, ka kai ƙara wurin 'yan sanda, ka faɗakar da 'yan'uwa. Amma kada ka ce za ka fanshe a kan wani bawan Allah. In kuma kai ne ka ci na wani, tuba ba ta cika sai ka mayar masa da haƙƙinsa. Ya toshe lambarka ko ka toshe tasa, ranar hisabi babu toshewa.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga cuta da cutarwa. Amin.